Rukunin Safe

Ruwan da aka yi daren jiya bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya tayar da warin. Duk wanda ya girma a Umbadda, unguwarmu da ke gefen Omdurman, ya san wannan wari. Ba ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari ba ne, irin wanda mutanen ƙauye ke kewa. Wari ne na masai da ya cika ya tumbatsa, da kashin jakin da ya jiƙa, da bolar da aka shekara ana tarawa ana cewa motar shara na nan tafe. Na tsane shi tun ina yarinya, kuma girma bai sa na saba da shi ba.

Ina zaune a rumfa ina gadin kofin shayina daga ƙudaje, sai ga Tasnim, 'yar yayana Usman, ta zo ta tsuguna kusa da ni da waya a hannu. Bana ta samu gurbi a jami'a, tun daga ranar kuwa ko magana da mu da ƙyar take yi.

"Amti, shufi," ta ce, wato Gwaggo, duba. Yaran yanzu sai sun fara da Larabci, sannan Hausa ta biyo baya tana ɗingishi. "An fito da jadawal. Ma'amal, ɗakin gwaje-gwaje, rukuni biyu ne, majmu'ar safe da majmu'ar yamma. Wace zan danna?"

Idona ya tafi kan Baba, kakanta, yana kwance a gadon igiya a ƙarshen rumfar. Ƙafarsa ta hagu ta fito daga mayafi, ƙudaje na sauka a inda a da babban yatsa da na kusa da shi suke. Ita Tasnim ta tashi ta gan shi haka, ba ta taɓa tambaya ba. Ni kuwa na san daminar da suka tafi, na kuma san jadawalin da ya tafi da su.

Shekarar da na shiga jami'a, abu uku ne suka haɗu mana wuri guda: damina, da azumi, da buɗe makaranta. Ni ce ta farko a gidanmu da ta kai can. Baba a sansanin leburorin auduga na Jazira aka haife shi, can ya yi tsinka har ƙashin bayansa ya lanƙwashe, sannan ya kwaso mu ya dawo Omdurman ya kama aikin bulo a bakin kogi. Aikinsa shi ne taka laka. Yana shiga ramin kwaɓi da ƙafa, yana cuɗa ta da taki har ta yi laushi, a zuba a ma'auni a shanya a gasa. Da zarar kogi ya kawo, wuraren gashin sun nutse, aiki ya tsaya sai ruwa ya janye. Don haka daminar da manomi ke murna da ita, mu lokacin ɗaure ciki ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun hadari bai fara haɗuwa ba muke yi wa gida yaɓe. Gidanmu na ƙasa ne, in ba a shafe bango da zibala ba, ruwa ya cinye shi. Zibala kuwa kashin jaki ne da ake jiƙawa a rami a bar shi ya ruɓe har ya yi kumfa, sannan a kwaso a bokiti. Baba da Yaya Usman suna sama suna shafawa, ni da Inna muna miƙo musu. Na tuna ina miƙa bokiti da hannu ɗaya, ɗaya hannun na toshe hanci, Inna na dariya tana cewa likitar gida ta fara ƙyamar bangon da ya raine ta. Ni ba likita na je karanta ba, kimiyya ce, amma a unguwarmu duk wanda ya sa farar riga likita ne.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi na je na kwafo jadawali daga jikin bangon tsangaya. Lacca ba ta da zaɓi, kuma ba a cika kiran suna ba. Ɗakin gwaje-gwaje, wanda muke kira ma'amal, shi ne mai ƙa'ida. An raba shi rukunin safe da na yamma, kowa ya rubuta sunansa inda yake so. An kuma faɗa mana da babbar murya cewa duk wanda fashinsa na ma'amal ya wuce iyaka, za a haramta masa jarrabawa, sai ya maimaita shekara. A gidanmu babu maganar maimaitawa. An riga an cire Yaya Usman daga makaranta don ni in ci gaba, gidan ba shi da ƙarfin ɗaukar ɗaliba shekara biyu a aji ɗaya. Kowa ya san haka, ba sai an faɗa ba.

Da na dawo, Baba ya sa na zauna a tsakar gida in karanta masa. Bai iya karatun boko ba, amma ya iya tsara aiki, kuma bai taɓa yarda akwai aikin da ya fi ƙarfin tsarinsa ba. Ya ɗauko tsinke ya ja layuka a ƙasa kamar kunyoyi, kowace kunya rana ɗaya. Ya tara ƙwallayen dabino. Duk ma'amal ɗin da na ambata, sai ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya ajiye a farkon kunya.

"Na safe," ya ce. "Wannan ma na safe."

"Baba, ai ba a haɗa duka. Wasu na ɗaukar na yamma don su samu mota ba cunkoso."

"Malalata ke nan. Da sanyin safiya ake kama fara, Nafisa. A Jazira wanda ya bari rana ta fito, sai ya tarar an kame layuka masu kyau. Audugar safe ma da raɓarta ta fi nauyi a sikeli. Ga azumi. Ki gama aikinki tun rana ba ta buɗe ido ba, ki dawo ki kama wa uwarki girki."

Inna tana gefe tana tsince gero, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, hor fa?"

Hor shi ne kwarin da ruwan sama ke bi, wanda ya ratsa tsakanin unguwarmu da kwalta inda ake hawa mota. A lokacin a bushe yake ƙayau, awaki na kiwon leda a cikinsa. Daminar da ta wuce ma ba ta yi wani ƙarfi ba.

"Hor ɗin da kaza ke tsallakewa?" in ji Baba. Ya share hannunsa a riga, magana ta ƙare.

Gaskiya maganarsa ta shige ni. Ina son a ce da ni mai himma. Washegari na je na bi layi cikin rana na rubuta sunana a rukunin safe, duka.

Ruwan Khartoum ba ya son rana. Yana bari a yi buɗe-baki, a yi tarawihi, sannan iska ta taso, ya zuba abinsa ya tafi. Manomi zai ce madalla, ya kwana da ruwa ya tashi da danshi. Amma a Umbadda ruwan da ya sauka cikin dare, da safe yake taruwa a hor. Daga can sama yake gangarowa, ya bi ta unguwanni, ya leƙa kowane masai, ya kwashi rabonsa. Da hantsi yana kan ganiyarsa. Zuwa azahar ya janye ya koma idon sawu, masu amalanken jaki su fito suna tsallakar da mutane. 'Yan rukunin yamma sukan iso jami'a da takalmi a bushe. Duk wannan mun san shi tun muna yara, amma ranar da ake jera ƙwallayen dabino babu wanda ya tuna sai Inna.

Ruwan farko mai ƙarfi, na tsaya a bakin hor da farar rigata a jaka ina kallo har lokaci ya wuce. Na biyu ma haka. Na je wurin ma'aikacin da ke riƙe da sunaye na roƙe shi ya mayar da ni yamma. Ko kallona bai yi ba.

"Jibi badil," ya ce. In kawo wanda zai yarda mu yi musanya.

Wa zai ba da barcin safen azumi ya karɓi sammako? Na bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya har na fara jin kunyar kaina. Na nemi ɗakin kwanan ɗalibai, aka ce wannan na 'yan jihohi ne, ni 'yar babban birni ce. Na fito ina maimaita kalmar a raina, 'yar babban birni, ga busasshiyar laka har ƙwaurina.

Na dawo gida na faɗa wa Baba. Bai ce an yi kuskure ba, bai ce ba a yi ba. Da la'asar ya fita, ya dawo da wata doguwar sanda ta gora, ya zauna yana fere bakinta.

Daga nan safiyar da aka kwana da ruwa ta samu nata tsarin. Mu yi sahur da abin da ya kwana, yawanci kunu ne da guntun tuwo. A yi asuba. In sa tsohuwar rigar da na ware don hor kaɗai, wadda Inna ta hana ta kwana a ɗaki. Kayan kirki da farar riga da littattafai a ƙulle su cikin leda in ɗora a ka. Inna ta cika mini gora ɗaya daga randa. Wannan gorar ba ƙaramin abu ba ce, domin in aka yi ruwa masu amalanken sayar da ruwa ba sa iya shigowa lungunmu, abin da ke randa shi ne na buɗe-baki. Gari na wayewa mu fita, Baba a gaba da sanda, ni a baya ina taka inda ya taka.

Sandar ba don zurfin ruwa ba ce. Akwai gidajen da aka taɓa ginawa a gefen hor ruwa ya cinye, bangon ya tafi amma ramukan masai suna nan a ƙasa, baki buɗe. Wanda ya zurma ciki ba a cika samunsa da rai ba. Baba yana caka sanda, ya ɗaga ƙafa, ya sake cakawa. Ba ya magana, ni ma ba na yi, don buɗe baki a wurin nan ganganci ne.

Ruwan ɗumi gare shi, kuma wannan ɗumin ya fi komai tayar mini da zuciya. Da sanyi ne da na ce ruwan sama ne. Launinsa na kunun da ya kwana, da kumfa rawaya-rawaya a gefe. Abubuwa na wucewa suna shafar ƙafa, wasu masu laushi, wasu masu gashi, ba ka so ka sani. Tsummokaran jarirai, hanjin kaji, matattun ɓeraye da cikinsu ya kumbura. Kashi kuwa ba a ɓoye yake zuwa ba, a sarari yake yawo yana juyawa. Ga ƙudaje, manya koraye, waɗanda ke tashi daga kan ruwan su sauka a leɓe. Mai azumi ba ya son haɗiye ko yawunsa a irin wannan wuri, sai in yi ta tofarwa har maƙogwarona ya bushe tun rana ba ta fito sosai ba.

A ɗaya gefen akwai rumfar wata mai shayi da ba ta fitowa da rana saboda azumi. A bayan buhunan da ta kewaye wurin nake canza kaya, Baba ya juya baya yana gadi. In wanke ƙafa da cinya da gorar nan ɗaya, ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan. Ba ta taɓa isa ba. Sai in miƙa masa jiƙaƙƙiyar rigar a leda, ya karɓa ya sake shiga ruwan ya koma gida. Shi sau biyu yake tsallakawa, kuma babu gora tasa.

A mota ake sanar da ni cewa wankin bai yi ba. Ba wanda ke faɗa. Sai dai matar da ke kusa da ni ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci, ko wani ya tura taga. Haka har mu haye gada, a sauke mu a Suk al-Arabi, in ratsa taɓon kasuwa in kama wata motar. A ma'amal akwai wata yarinya mai kirki da ke zama kusa da ni, kullum sai ta fito da turare ta fesa a hannunta, sannan ta miƙo mini kamar ba da wata manufa ba. Na fi jin zafin wannan kirki fiye da zagi.

Wata rana malamin ilimin halittu ya ce kowa ya zo da ruwan kududdufi a kwalba, za mu duba ƙananan halittu a madubin ƙara girma. 'Yan ajinmu suka kawo ruwan tukunyar fulawa da na bakin famfo, aka yi ta nema da ƙyar ake ganin abu ɗaya yana motsi. Ni na ɗebo nawa a tsakiyar hor. Da malamin ya sa ido sai ya ce, "Ma sha Allah," ya kira kowa ya zo ya gani. Aka yi layi a kan ɗigon ruwana. Ciki kasuwa ce guda: masu jela, masu gashi, masu birgima, da ƙwayayen tsutsar ciki da ya yi ta nuna mana yana faɗar sunayensu cikin murna. Karo na farko ke nan da na fi kowa a ajin. Da layi ya zo kaina na leƙa, na ga abin da nake shiga har ƙugu da azumi a bakina, na fita waje na daɗe a tsaye.

A gida ma damina ba ta bar mu ba. Masan gidanmu ya rufta a tsakiyar watan, Allah Ya sa ba kowa a kai. Muka koma roƙon na maƙwabta, mata da sassafe da bayan magariba, kowa na sauri yana kawar da kai. Miya ta koma busasshiyar kuɓewa zalla, kunu ya yi ruwa har kana ganin gindin kwano. Maza sun saba shimfiɗa tabarmi a lungu su yi buɗe-baki tare, kowane gida ya fito da tirensa. Da lungun ya zama taɓo, suka koma kan wani tudun bulo da ya rushe, suna ci da hannu ɗaya suna kore ƙuda da ɗaya. In tire ya dawo, sai mu ga ƙudajen da suka mutu a cikin miya an ture su gefe an ci sauran. Zawo ya bi gida-gida, sauro ya karɓi aikin dare.

A goman ƙarshe aka yi ruwan da har yau tsofaffin unguwa ke kwatance da shi. Kafin nan zazzaɓi ya kwantar da ni na ƙara fashi, na kai iyaka. Ma'aikacin nan ya riga ya faɗa mini a gaban mutane cewa in na sake rasa ko ɗaya, in nemi abin yi zuwa baɗi. Ranar kuwa akwai ma'amal.

Tun daga ƙofar gida muke jin ƙarar hor. Da muka isa, mutane sun yi cirko-cirko a baki, ba mai shiga. Wani mataccen jaki ya maƙale a jikin turken lantarki, ƙafafu a sama, ruwa na kaɗa shi. Wani dattijo ya riƙo hannun Baba.

"Ya Haj, ma tadkhul. Kar ka shiga. Ka bari ya sauka, karatu ba ya gudu."

"Nata na gudu," in ji Baba. Ya juyo ya dube ni. "Riƙe rigata. Kar ki saki ko me kika gani."

Ruwan ya kai ni ƙirji. Yana ja kamar mai hannu. Leda na kaina, hannu ɗaya a kanta, ɗaya a rigar Baba, don haka ba ni da hannun kare fuska. Wani tsumma ya zo ya naɗe mini wuya, na ji sanyin abin da ke jikinsa, ban iya cirewa ba sai da ruwa ya ga dama ya tafi da shi. Ruwan ya fallatso mini a leɓe. Na datse haƙora ina numfashi ta hanci, hancin kuma ga abin da yake shaƙa. A tsakiya Baba ya yi tuntuɓe, ya ce "Bismillahi" da wata irin murya, ya tsaya cak. Na zaci rami ne. Sai ya fizge ƙafarsa, ya caka sanda, muka ci gaba.

Da muka fita na ga jini na bin sawunsa a cikin laka.

"Baba, ƙafarka."

"Ƙaya ce. Yalla, canza kaya, lokaci na tafiya."

Na canza. Na miƙa masa sauran ruwan gorar ya wanke ciwon, ya ture hannuna ya ce in wanke wuyana. Ina hawa mota na hango shi ya juya ya nufi ruwan, ledar rigata a kansa.

Motoci sun yi ƙaranci ranar. Daga Suk al-Arabi da ƙafa na ƙarasa, ina gudu ina zamewa, ƙishirwa ta riƙe mini wuya. Na iso ƙofar ma'amal ina haki, na tarar da kwaɗo a jiki. Mai sharar wurin yana zaune a kan benci yana jan carbi.

"Ma fi ma'amal alyom," ya ce. "Babu ma'amal yau, daktor bai zo ba. An yi ruwa, ya bitti, 'yata, ba ki gani ba?"

Na tambaye shi ko za a rubuta sunan waɗanda suka zo. Ya yi dariya ya ce wa zai rubuta, shi? Wasu 'yan ɗakin kwana suka wuce mu suna murna za su koma barci. Daga baya na ji cewa daktan, wato malaminmu, ya leƙo ne ya ga ruwa ya kwanta a ƙofar garejinsa, bai so ya ɓata tayar mota. Na zaga bayan ginin na durƙusa ina yunƙurin amai, babu abin da zai fito. Ban taɓa jin ƙyamar wuri kamar yadda na ji ƙyamar jami'ar nan a ranar ba, da fararen bangayenta da bishiyoyinta da ruwa ya wanke tas.

Da na dawo da la'asar hor ya sauka, yara na wasa a gefensa. Na tarar da Baba a rumfa, ƙafarsa cikin kwano da ruwan gishiri. Ba ƙaya ba ce. Tsohon kwanon rufi ne, irin wanda ake yi wa masai ƙofa da shi, ya tsaga tsakanin yatsun har ƙashi.

"Kin samu?" ya ce.

"Ba a yi ba. Malamin bai zo ba, wai an yi ruwa."

Na faɗa da zafi, ina jiran ya yi zagi, ko ya yi salati, ko ya ce wani abu game da ƙwallayen dabinon nan. Sai ya dubi ruwan kwanon da ya yi ja.

"Amma kin je," ya ce. "Mai gona in bai zo ba, shi ta shafa."

Ya ƙi zuwa asibiti, wai sai bayan Sallah. Inna ta yi ta dafa bagaruwa tana wanke masa. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wari ya cika rumfar, irin warin hor amma ya fi shi nauyi, ƙudaje suka bar tire suka koma kanta. Ni ce mai riƙe fitila in ana wankewa, ina kallon ruɓaɓɓen naman ina tuna abin da na gani a madubi, sunayensu na zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar Sallah bai je idi ba. Bayan kwana kaɗan Yaya Usman ya ɗora shi a amalanke ba da son ransa ba, likitoci suka cire yatsu biyu suka ce mu gode wa Allah da ba a kai gwiwa ba. Da kogi ya janye aka koma aikin bulo, ba da Baba ba. Ba a taka laka da irin wannan ƙafa.

Ruwa ya ɗauke, ban sake fashi ba, na zauna jarrabawa na ci. Yau a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti nake aiki, kashin mutane da fitsarinsu nake dubawa daga safe zuwa yamma, ko a jikina. Warin hor ne kaɗai har yanzu nake ƙyama. A duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa kiran abin da suna a gaban Baba. Sau ɗaya Inna, Allah Ya jiƙanta, tana ɗaure masa ƙafa ta ce a hankali, "Tsuntsun da ya ja ruwa," bai bari ta ƙarasa ba ya ɗauki sandarsa ya fita.

Yanzu ga Tasnim da wayarta. Ba layi, ba ma'aikacin da zai ƙi kallonta, yatsa kawai za ta ɗora. Hor kuwa yana nan inda muka bar shi. Tun da muka dawo daga gudun yaƙi ma babu wanda ya kwashe ko leda ɗaya a cikinsa, abin da yake ɗaukowa yanzu ba na so in lissafa.

"Amti, kin yi shiru. Safe walla yamma?"

Ashe Baba ba barci yake ba. Gadon ya yi ƙara, ya tashi zaune da ƙyar.

"Na safe," ya ce.

"Baba," na ce. Raina ya ɓaci, na dire kofin shayin a ƙasa.

"Da sanyin safiya ake kama fara." Ya sunkuya yana lalube a ƙarƙashin gado, ya jawo sandar. Ita ce dai, gorar ta yi baƙi, bakinta ya cinye. "In an yi ruwa ni zan raka ta. Ai ɗayar ƙafar lafiyarta ƙalau."

Tasnim ta yi dariya, ta zaci wasa yake. Ni na san ba wasa ba ne. Na karɓi wayar daga hannunta, na nemi inda aka rubuta yamma, na danna, na sake dannawa inda aka ce in tabbatar.

"Malalata," in ji Baba. Ya mayar da sandar ƙarƙashin gado, ya ja mayafi ya rufe ƙafar.